Ƙarfen Akori-kurar Malam

Kwana goma sha biyar kacal suka buga mini a fasfo. Shekarar da ƙasar Sin ta karɓi wasannin Olamfik ce, kuma duk da cewa can Beijing ake guje-gujen, mu da muka sauka Guangzhou mu muka sha matsin. 'Yan sanda na tsayawa a bakin lungunan Dengfeng suna duba takardun baƙi. Ni kuwa zuwana na farko ke nan, na haura sittin, ban taɓa zama a aji ba, harafin boko ɗaya ban sani ba balle rubutun nasu mai kama da tonon kaji. Ido kawai gare ni, kuma shi na riƙe.

Kowa ya san takalma na je saye, don sana'ata ke nan a Kano tun ina goyo. Amma a ƙasan jakata, naɗe cikin tsohon zani, akwai wani ƙarfe wanda shi ne ainihin abin da ya ɗaga ni.

Malam, maigidana, ya rasu ya bar akori-kura, tsohuwar yayi, mai tambarin zaki a goshi. Da ita ya ci da mu shekara talatin, yana ɗauko gero da albasa daga ƙauyuka. Bayansa sai ta tsaya. Wani ƙarfe mai baki huɗu da inji ke shaƙar iska da mai ta cikinsa, wanda makanikai ke kira manifol, shi ya tsage. An yi masa walda sau uku har ya karkace. An nema a Ƙofar Ruwa, an nema a Kaduna, an aika har Maraɗi, aka ce na irin tata ya ƙare. Shekara shida tana zaune a ƙofar gida, awaki na kwana a ƙarƙashinta.

Babban ɗana, wanda ba na kiran sunansa, yana son gina shago a wurin, har ya kira 'yan gwangwan sun zagaye ta suna ƙwanƙwasawa. A gaban ƙanin Malam muka yi magana ta ƙarshe: in na dawo daga China da maganinta, ta zauna. In na dawo hannu rabbana, a yanka ta a auna. Ni na amsa da bakina, kuma ba a taɓa jin na janye magana ba.

A Dengfeng ɗaki ɗaya muka kama da Hajiya Mariama, mutuniyar Maraɗi, wadda ta shekara biyar tana zuwa sayen yadi har bakinta ya kama yarensu. Ɗakin hawa na shida ne, tagarsa na kallon tagar wasu, in ka miƙa hannu ka taɓa shanyarsu. Zafin garin ba irin namu ba ne, jiƙa mutum yake kamar an rufe shi a tukunyar dambu. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne rashin kiran salla. A gida ladanai uku nake ji kafin in tashi, a can sai agogon Mariama ya yi ƙara. Na tafi da kuka da daddawa, muna kaɗa miya a ƙaramin risho, matar da ta ba mu hayar ta zo tana toshe hanci. Kwana biyu bayan haka sai ga ta da fanka a hannu, ta ajiye a gefen katifata ta fita. Ta lura ba na barci.

Washegarin saukata aka haɗa ni da Alhaji Bala, wani dillali ɗan Kano da ya daɗe a garin. Na warware zanin na nuna masa.

"Hajiya, nan fa China ce," in ji shi. "Ko mutum kika kawo za su buga miki irinsa, rai ne kawai ba za su sa ba."

"To mu je tare."

"Wurin da nisa, Hajiya, ga zafi, ga 'yan sanda a hanya. Ki je ki yi sayayyarki. Sai dai ba sa zuba guda ɗaya, hamsin ne mafi ƙanƙanta."

Ban ji daɗin yadda yake magana idonsa na kan waya ba. Amma baƙo ko da ido makaho ne. Na biya shi kuɗin hamsin ɗin, na ba shi ƙarfen.

Kwana biyar na yi ina zirga-zirga a Zhanxi Lu, inda shagunan takalma suke hawa-hawa kusa da tashar jirgin ƙasa. Da na'urar lissafi ake ciniki, su danna, Mariama ta danna, ni ina murɗa takalmi ina shinshina gam. Na koyi kalma uku: lawban ga mai shago, meyo in babu, shiye-shiye in za ka gode. Ta ukun ban cika amfani da ita ba. Duk kwalin da aka ɗaure sai an kwance a gabana, har 'yan matan shagon suka gane ni, da sun hango ni sai su fara yanke igiya da kansu.

Rana ta bakwai Alhaji Bala ya aiko da akwati biyu na katako, da ƙarfen Malam a naɗe cikin zaninsa. Shi bai zo ba. Muka ɓalle murfin, na ɗaga na farko. A karkace yake, daidai karkacewar na Malam. Tudun waldar nan uku na makanikan Ƙofar Ruwa suna nan, an zuba su da sabon ƙarfe suna ƙyalli. Har wani ɗan gurbi da guduma ta yi masa sun fitar. Hamsin, duk haka.

Mariama ta zauna a bakin katifa ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Yi dariyarki a fili," na ce mata.

"Yaya, ki gahwarce ni. Walla sun iya aiki. Ko uwa ba ta haihuwa tai kama haka."

Akwai lambar masu zubin a jikin akwatin, ta kira su. Suka ce abin da aka miƙa musu shi suka yi. Sun ma tambayi dillalin ko a miƙe shi a zana sabo, ya ce a'a, a zuba yadda yake. Zanen zai rage masa rabonsa ne. Muka kira shi, waya a kashe. Har na bar ƙasar ban sake sa shi a ido ba, kuma na bar shi da Allah. Amma in za a faɗi gaskiya da laifina a ciki. Na ɗauko mara lafiya na kai shi a matsayin samfur, na zaci kowa zai gane lafiyayyen nake nufi.

Kashegari Juma'a ce, muka tafi masallacin Huaisheng. Tsohon masallaci ne ƙwarai, da hasumiya fara doguwa. A sahun mata na tsaya tsakanin wata Basiniya da wata 'yar Mali, aka kabbara, sai hawaye suka zubo mini, abin da ban yi ba ko a gaban akwatunan. Bayan an sallame muka biyo wani lungu inda mahauta Musulmi ke sayar da naman rago. Nan na gan ta.

Akori-kura ce, ruwan madara, mai zaki a goshi. Ba irin ta Malam sak ba, ƙanwarta ce, fitilunta sun fi faɗi. Amma tsayuwar ɗaya ce. Tana sheƙi kamar yau aka sauke ta, ko ƙwarzane babu a bayanta.

"Mu tahi, Yaya, rana na yi," in ji Mariama.

"Ba inda za ni sai mai ita ya zo."

Mun fi awa a tsaye. Can sai ga wani tsoho siriri da singileti da gajeren wando, riƙe da ledar nama. Ya gan ni jingine da ƙofarsa, ya ɓata rai, ya ciro ƙyalle ya goge inda kafaɗata ta taɓa. Ban yi fushi ba, Malam ma haka yake yi. Na ciro hoton tamu daga jaka na miƙa masa.

Ya daɗe yana kallo. Ya sa tabarau ya sake kallo. Sannan ya fara magana da sauri yana nuna hoton da yatsa.

"Mi yake cewa?" Mariama ta tambayi kanta, ta saurara. "Ya ce wagga ita ce babbar. Ya ce bai taɓa ganin ta da ido ba sai a takarda. Wai a nan garin an taɓa ƙera irin tashi, shi ma'aikaci ne a wurin har aka ruhe. Yana tambaya ko tana tahiya."

"Ce masa da tana tafiya da ba na nan."

Sunansa Liyang, amma Lawban na riƙa ce masa. Ya zana wa Mariama kwatance, washegari muka ɗauki ƙarfen Malam da ɗaya daga cikin hamsin ɗin muka hau bas har bayan gari.

Rumfar kwano ce babba, a ciki akori-kura shida. Biyu an gama su, sauran a buɗe kamar an feɗe sa. Aikinsa ke nan tun da aka sallame su: ya bi ƙauyuka ya sayo waɗanda suka mutu, ya kwance su ƙusa-ƙusa, ya wanke, ya mayar. Kowane ƙarfe yana kan shiryayye da takarda a ɗaure. Masu kuɗin garin ne ke saye. Muna nan wani ya zo da ƙatuwar baƙar mota da direba, ya cire takalmi kafin ya shiga akori-kurar, ya zauna ya riƙe sitiyari, bai ko tayar ba. Ya fi minti goma a haka.

"Me zai ɗauka da ita?" na tambaya.

Mariama ta juya masa maganar, Lawban ya yi dariya. "Ya ce ba ya ɗaukar komi. Aje ta zai yi cikin ɗaki, ya hito da ita ran hutu."

"Motar da ba ta ɗaukar kaya, ai amarya ce ba mota ba."

Da aka fassara masa ya ƙara dariya, sannan ya yi bayani. Wai mutumin nan da irin wannan motar ubansa ya fara fataucin kifi, a bayanta yake kwana yana yaro. Yanzu yana da motoci goma, ba wadda ke masa ƙamshin ubansa. Su masu tara irin waɗannan, abin da suke biya shi ne asali. Kujera ta asali, tambari na asali, kowane ƙarfe wanda aka haife ta da shi. In aka sami baƙon ƙarfe guda a ciki, darajarta ta faɗi. Na gane. Ni ma ai ba don gero na hana a yanka ta Malam ba.

Na warware ƙarafuna biyu na ajiye masa. Ya ɗaga na Malam, ya ɗaga kwafin, ya haɗa su, sai ya zauna a kan taya yana dariya har da tari. Da ya nutsu ya auna bakunan da wani ƙaramin ma'auni, ya je ya buɗe gaban motarsa ruwan madarar, ya auna nata. Ɗaya ne.

"Yana da wani?" na ce.

"Meyo." Wannan ban nemi fassara ba.

Guda ɗaya gare shi mai lafiya, na jikin motarsa. Na sauran duk sun tsage kamar namu, shi ma nema yake. Ya tsaya yana sosa ƙeya, sannan ya ɗauko sufana ya fara kwance nasa. Ya ce zai kai wa wani abokinsa mai zubi, a yi amfani da shi a matsayin samfur, a zuba guda ɗaya. Kwana huɗu.

"Wannan karon ƙafata ƙafarsa," na ce wa Mariama.

"Yaya, mutumin ga taimako yake."

"Wancan ma da taimako ya fara."

Haka na yi. Kwana huɗu ina zuwa maƙerar, Mariama ta kai ni ta wuce harkarta. Ina zaune a kan benci da carbi, ina kallon yadda suke danna ƙarfen cikin baƙin yashi, su narka, su zuba. Ba mai jin maganata, ba na jin tasu. Matar mai zubin ta lura ba na cin abincinsu, sai ta riƙa dafa mini ƙwai da ɓawonsa, ta kawo da ruwan zafi a kofi, ta nuna mini tukunyar don in ga ba abin da ya taɓa ta. Zubin farko ya fito da rami, aka fasa. Na biyu ya fito sumul. Kafin a ɗauke shi na ciro allurar ɗinkin buhu na yi masa ɗan zane a ƙasa, inda ba mai gani, don in san nawa.

Ranar gwaji saura kwana ɗaya bizata ta ƙare. Lawban ya ɗaura sabon a jikin motarsa ya murɗa makulli. Ta yi tari biyu ta kama. Shekara shida rabon da in ji wannan ƙarar. Ita nake ji daga kan kwana in san Malam ya dawo, in ce wa yara su kawar da tabarma. Na dafa bango. Ba shaƙewa, ba huci, tana tafiya daidai.

Ya kashe, ya bari ta huce, ya kwance. Ya ajiye sabon da nasa na asali a kan tebur gefe da gefe. Ya ɗauki sufana ya ƙwanƙwasa wannan, ya ƙwanƙwasa wancan, ya kara kunne. Sannan ya nuna wa Mariama wani abu a bango, ta juya. Ni ban juya ba. Ina gani hannunsa ya zagaye wanda ke dama ya ɗauki na hagu, ya naɗe cikin jarida da sauri, ya ɗaure, ya miƙo mini.

Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

"Mariama, ce masa ya kwance."

"Lahiya, Yaya?"

"Ya canza. Ina kallonsa. Ce masa tsufa na yi, ban makance ba."

Na fizge ƙunshin na yage jaridar da kaina, na kifa ƙarfen. Babu zanen allurata. Na ɗaga na kan tebur, ga zanen nan. Sai a lokacin lissafin ya zauna. Nawa ne a kan tebur. Wanda ke hannuna nasa ne, na asalin.

Lawban ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da sata. Ya yi magana a hankali, Mariama na juyawa.

"Ya ce sabon yana da kyau, amma ƙarhen bai kai ba, ya ji a ƙararshi. In aka ɗora mishi kaya da zahi da mugunyar hanya, shekara biyu ya tsage. In kuwa cikin rumhwa yake tsaye, zai hi shi daɗewa a duniya. Ya ce tashi amarya ce, ke kika hwaɗi. Taki ce ke aiki."

"To me ya sa bai faɗa ba, sai ya yi kamar ɓarawo?"

Ta tambaye shi. "Ya ce kwana biyat yana kallonki. Ya san ba ki amsa."

Gaskiya ya faɗa. Na tsaya da ƙarfen a hannu, kunya ta rufe ni tun daga kai. Amma akwai abin da ya rage, kuma ba zan haɗiye shi ba.

"Tambaye shi, mai cire takalmin nan in ya zo saye, zai gaya masa akwai baƙon ƙarfe a ciki? Kada a cuci wani saboda ni. Ba zan sa haram a motar Malam ba."

Lawban ya ɗauko wata 'yar takarda irin wadda yake ɗaura wa ƙarafunsa, ya yi rubutu, ya ɗaura a jikin sabon, ya nuna wa Mariama.

"Ya rubuta: na asalin yana Kano, yana aiki. Ya ce wanda bai so haka ba ya sayi wata."

Na yi ƙoƙarin biyansa, ya mayar da hannuwansa baya. Abu ɗaya ya roƙa, hoton. Na ba shi, ya soke shi da ƙusa a bango sama da teburinsa. Hamsin ɗin kuma na bar wa mai zubi ya narkar. Da za mu fita na juya na ce masa shiye-shiye, sau biyu, kuma ban san ko na faɗe ta daidai ba. Ya ɗaga sufana.

Da la'asar na shiga wani shagon waya a Dengfeng, Mariama ta danna mini lambar gida. Babban ne ya ɗauka.

"Inna, ya hanya? Mutanen nan fa sun sake zuwa jiya, na ce su dakata sai kin sauka."

"Ka ce musu su nemi wata."

"Kin samu ke nan?"

"Na samu."

"Irin na China?"

"Irin na ubanka. Ka kori awakin nan, ka sa a hura tayoyin. Jibi ina gida."